Sha biyu da biyu bisa uku: yadda ƙuri'un Kano suka ɗaure Michael Ani da FEDECO a 1979

In ana hirar shugabannin hukumar zaɓe a nan Kano sunan Jega ake fara kamawa, kuma ba mamaki tunda ya riƙe BUK kafin a kai shi INEC a 2010, wanda ya ɗan kwana biyu a duniya kuma sai ya tuno Humphrey Nwosu da zaɓen 12 ga Yuni na 1993. Amma akwai mutum ɗaya da ƙuri'ar Kano ta taɓa sawa a tsaka mai wuya fiye da kowa a cikinsu, kuma da wuya ka ji matashi ya ambaci sunansa. Cif Michael Ani kenan, ciyaman ɗin FEDECO, hukumar da ta gudanar da zaɓen 1979 wanda ya kawo Alhaji Shehu Shagari. Kusan shekara uku mutumin nan ya yi yana ɗauke da aikin da ya fi ƙarfin kai ɗaya, sai a kwana biyar na ƙarshe lissafin ɗan firamare ya zo ya cinye masa suna, kuma a kan Kano aka buga lissafin.

Shi Ani ba farfesa ba ne ba alƙali ba ne, ma'aikacin gwamnati ne tsantsa, irin tsofaffin nan da suka tashi a cikin fayil suka tsufa a cikinsa. Mutumin Kalaba ne, haihuwar 1917, wato lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ɗauko shi a ƙarshen 1976 yana daf da sittin, ba abinda bai gani ba a ofis. Dalilin da ya sa soja suka nemi irinsa a bayyane yake in ka tuna abinda ya faru kafin nan, zaɓen tarayya na 1964 da aka ƙaurace masa a wurare da dama, na Jihar Yamma a 1965 da ya koma ƙone-ƙone, sai juyin mulkin Janairun 1966 sai yaƙin basasa. Bayan duk wannan ba wanda yake son ya sake jin ɗan siyasa ko mai warin siyasa a kan akwati. Ana son mutumin da in an miƙa masa doka zai karanta ya bi layi-layi, ba ƙari ba ragi. Sai aka haɗa shi da wani mutumin fayil ɗin daga namu ɓangaren, Alhaji Ahmadu Kurfi na ƙasar Katsina, a matsayin sakataren zartarwa, kuma shi ne babban jami'in zaɓe na ƙasa, a taƙaice dai Ani ne kai Kurfi ne hannu.

Aikin da aka jibga musu ba wasa ba ne, ya kamata a faɗa kafin a zo wajen suka. Rabon ƙasar da zaɓen tarayya shekara 15, tsohuwar rajista ba ta da wani amfani, jihohi sun koma 19 tun Fabrairun 1976 zamanin Murtala, an sauko da shekarun zaɓe zuwa 18, sannan ga babban abu a wajenmu nan arewa, karo na farko kenan da mata za su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, abinda su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa tun zamanin NEPU. Aka yi rajistar mutum wajen miliyan 48, wanda tun a lokacin akwai masu cewa an yi aringizo a ciki. Sannan aka jero zaɓe biyar, kowanne ranar Asabar: sanatoci 7 ga Yuli, majalisar wakilai 14, majalisun jiha 21, gwamnoni 28, shugaban ƙasa 11 ga Agusta. Tsakiyar damina fa kenan, ba wayar hannu ba na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ba komai, akwati da takarda ne sai mota sai jirgin ruwa a inda mota ba ta zuwa, kuma jihar Kano ta lokacin ta haɗa har da Jigawa gaba ɗaya, daga Rano zuwa Hadejia da Gumel duk Kano ce.

FEDECO ta Ani ta yi suna wajen tsauri tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978 ƙungiyoyi suka ɓarke kamar me, sama da hamsin, hukumar ta tace ta bar biyar kacal: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP ta Malam Aminu Kano. Sai kuma maganar haraji, doka ta ce ɗan takara ya nuna ya biya harajinsa na shekara uku a kan lokaci, suka kama wannan layin suka riƙe gam, har Azikiwe da Malam kansa suka ce ba su cika sharaɗi ba, sai da kowannensu ya je kotu ta wanke shi, na Malam ma daf da zaɓe aka gama. A nan Kano Injiniya Salihi Iliyasu ne ɗan takarar gwamna na PRP tun farko, hukumar ta hana shi, shi ya sa aka ɗauko Abubakar Rimi. Ka ga ko tarihin gwamnatin Rimi da duk abinda ya biyo baya na rabuwar PRP gida biyu, santsi da taɓo, in ka bi diddigi, akwai biron ma'aikacin FEDECO a tushensa. Amma ga abinda nake so a riƙe, cikin sharuɗɗan yi wa jam'iyya rajista akwai cewa sai tana da ofis a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma a wancan lokacin kowa, har da hukumar, jiha 13 ya ɗauka ana nufi.

To dokar zaɓen shugaban ƙasa ma da irin waɗannan kalmomin aka rubuta ta. Dokar zaɓe ta 1977 da gyaran da aka yi mata ta ce bai isa ka fi kowa ƙuri'a ba, sai ka samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kowacce daga cikin aƙalla biyu bisa uku na jihohin tarayya. Manufar mai kyau ce, kada wani ya hau mulki da ƙuri'ar ƙabilarsa kaɗai. In ba wanda ya cika, sai a tafi zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu, kuma ba talakawa ne za su sake fitowa ba, 'yan majalisar tarayya da na jihohi ne za su zauna su zaɓa. Matsalar ɗaya ce tak, 19 ba ta rabuwa gida uku.

Sakamako ya fara shigowa. Shagari na NPN 5,688,857, Awolowo na UPN 4,916,651, Azikiwe na NPP 2,822,523, Malam na PRP 1,732,113, Waziri Ibrahim na GNPP 1,686,489. Maganar wa ya fi yawa babu gardama, tazarar ta haura dubu 770. Wajen yaɗuwa ma Shagari ya yi wa kowa nisa, ya samu kaso ɗaya bisa huɗun a Sakkwato, Kaduna, Neja, Bauchi, Borno, Gongola, Filato, Binuwai, Kwara, Bendel, Ribas da Kuros Riba, in ka ƙirga 12 cif, shi kuwa Awolowo a shida kawai ya samu. Saura bakwai, Legas da Ogun da Ondo da Oyo na Awo ne, Anambra da Imo na Zik, sai Kano. A cikin bakwai ɗin nan Kano ce inda ya fi matsowa kusa, don haka duk ido ya dawo kanmu.

A Kano an jefa ƙuri'a 1,220,763. Malam ya kwashe 932,803, sama da kashi 76 cikin ɗari, fiye da rabin duk abinda ya samu a ƙasar daga nan ya fito, mutanen Kano sun dangwala wa makulli, alamar PRP, ba sauƙi. Shagari mai gida da masara, alamar NPN, ya samu 243,423, wato kashi 19.94. Kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un Kano ya ɗan haura 305,000, kenan ya gaza da wajen dubu 61 da ɗoriya. In 13 ce ƙa'ida, shikenan ba wanda ya ci, sai zagaye na biyu.

Anan ne lauyan NPN Richard Akinjide ya fito da nasa lissafin tun kafin hukuma ta yi sanarwa. Ya ce wa ya ce 13? Biyu bisa uku na 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, don haka a jiha ta sha uku ba rubu'in duka ƙuri'u ake nema ba, rubu'in biyu bisa ukunsu ne. Biyu bisa uku na ƙuri'un Kano 813,842, rubu'insa 203,460 da rabi, Shagari kuma yana da 243,423, ya wuce har da rara. Ranar 16 ga Agusta jami'in da ke bayyana sakamakon shugaban ƙasa, Frederick Menkiti, ya karanta matsayar FEDECO, cewa tunda dokar ba ta yi wani bayani a kan wannan jimla ba, hukumar ba ta da zaɓi sai ta ba ta ma'anarta ta yau da kullum, kuma a kan haka Shagari ya ci. Wato jihar da ta fi kowacce a arewa juya wa NPN baya, ita aka yanko aka cike masa gurbin da ita.

Har yau maganar nan ba ta mutu ba a wajen waɗanda suka ga abin da idonsu. Akwai wata majalisar dattawa a wajen Gwammaja da nake leƙawa bayan la'asar saboda kawuna, ɗan PRP ne na gidi, irin waɗanda in sun ce "Malam" mutum ɗaya suke nufi a duniya. Rannan zancen ya taso, ya jawo takardar bil ɗin wuta daga aljihu ya juya bayanta, ya ce "kai yaro, kai da ka yi boko, fito da wayar nan taka ka danna min." Na ce to Kawu. Ya ce in raba 243,423 gida uku in ɗauki biyu. Na danna na ce 162,282 ne Kawu. Ya rubuta da biro a ƙarƙashin 203,460 ya ja layi biyu, ya ɗaga takardar yana nuna wa kowa. "To ina cin yake? Kun rage ƙuri'ar Kano kun bar tasa cif. Gona ce aka ce sulusi biyunta kawai za a auna, sai mutum ya tattaro duk damin da ya ɗaure a gonar gaba ɗaya ya ce daga sulusi biyun ya samo. In za a rage a rage wa kowa mana."

Wani Alhaji abokinsa da ya yi ritaya daga sakatariyar Audu Bako, wanda shi har yanzu ko shayi zai saya sai ka ga kamar minti yake rubutawa, ya gyara zama ya ce "haba mutumina, kullum sai ka kawo wannan takardar. Ma'aikaci ba ya ƙirƙirar doka. In waɗanda suka rubuta suna nufin 13 me ya hana su rubuta 13? Sun rubuta biyu bisa uku, kuma ko ɗan aji uku ka tambaya biyu bisa uku na 19 ba zai ce maka 13 ba. Sannan ka faɗa min tsakaninka da Allah, da an kai abin gaban 'yan majalisa sabbi fil waɗanda ko kujerunsu ba su zauna a kai ba, wace irin kasuwa za a ci a ranar? Mutumin da ya zo na ɗaya da tazarar dubu ɗari bakwai sai a saye masa kujera a ɗaki, kana ganin ƙasar za ta kwana lafiya?" Kawu ya ce wannan kuma siyasa ce ba lissafi ba, Alhaji ya ce to dama wa ya ce maka lissafi ake yi, aka yi dariya aka tashi sallar magariba ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Tsoron Alhaji ba na banza ba ne. A majalisar dattawa NPN kujera 36 take da ita cikin 95, a ta wakilai 168 cikin 449, ita ce babba amma ba ta da rinjaye, in sauran suka haɗa kai za su iya kayar da ita. Ga soja sun kafe a kan ranar 1 ga Oktoba tun alƙawarin Murtala, kuma ba kowane hafsa ne yake murnar komawa bariki ba, duk wani rikici da ya ja lokaci zai iya zama hujjar a fasa. Duk wannan yana kan teburin Ani a waɗannan kwana biyar ɗin ko ba a rubuta a fayil ba.

Awolowo ya tafi kotu, kuma in ka duba sunayen waɗanda ya yi ƙara za ka ga Shagari, sai Ahmadu Kurfi, sai Menkiti, wato ma'aikatan ne a gaban alƙali. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ƙarƙashin Mai shari'a Kazeem ta kori ƙarar ranar 10 ga Satumba, aka wuce Kotun Ƙoli. Wani abin da ya ƙara wa mutanen Awo zargi shi ne a cikin wannan watan na Agusta, ana tsakiyar rigimar, aka naɗa sabon Alƙalin Alƙalai, Atanda Fatai-Williams, kuma shi ya jagoranci alƙalai bakwai da suka zauna. Ranar 26 ga Satumba suka yanke, shida suka kori ƙarar, Kayode Eso shi kaɗai ya ce a'a, jiha ba a gutsura ta, 13 ce. Abin lura shi ne ko a cikin shidan Mai shari'a Obaseki bai gamsu da lissafin gutsuren ba, ya bi ta wata hanya ce daban, cewa an cika mafi yawan sharuɗɗan doka kuma gazawar ba ta kai a rushe zaɓe ba. Cikin alƙalan akwai Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, wanda bayan shekara 28 'Yar'aduwa ya ba shi kwamitin gyaran harkar zaɓe, kwamitin da Jega ya zauna a ciki kafin ya zama ciyaman, ka ga yadda zaren yake jan juna. Shi kuwa Akinjide, da aka kafa gwamnati shi aka ba ministan shari'a, wannan ma bai taimaka wajen kashe zargi ba.

Ni nawa ganin, a lissafi Kawu ya fi gaskiya, ba yadda za ka rage ƙasa ka bar sama ka ce ka yi adalci, 19.94 tana nan 19.94 ko gida nawa ka raba Kano. A siyasa kuma Shagari ne ya ci zaɓen nan ta kowace fuska da mai hankali zai duba, ya fi yawa ya fi yaɗuwa, ba wanda ya zo kusa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa Ani ya saci zaɓe ba, ba a ƙara wa kowa ƙuri'a ko ɗaya a wannan lissafin ba, alƙaluman da kowa ya yarda da su ne ake jayayya a kan ma'anarsu. Laifin da nake gani a wani wuri yake, kuma ya fi wannan zafi a wajen mutum irinsa: lokaci. Tun Fabrairun 1976 aka san jihohi 19 ne. Kwamitin mutum 49 na Rotimi Williams ya rubuta daftarin tsarin mulki bai warware ba, majalisar tsara mulki ta Udo Udoma ta yi ta muhawara ba ta warware ba, soja suka sa hannu, takarda ta iso FEDECO ta zauna wata da watanni. Hukumar da ta iya bin rasit ɗin harajin Malam shekara-shekara, ta kasa zama rana ɗaya ta rubuta wa jam'iyyu biyar wasiƙa ta ce ga yadda muka fahimci biyu bisa uku na 19, wanda bai yarda ba ya tafi kotu tun yanzu. Da a watan Yuni aka faɗi 12 da biyu bisa uku, lokacin da ba wanda ya san jihar da za ta zama ta sha uku balle wanda zai amfana, da magana ce ta lauyoyi kawai, a yi ta a gama. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, ka bari sai sakamako yana hannunka, lauyan ɓangare ɗaya ya riga ka faɗa, sannan ka fito da fassarar da ta yi daidai da tasa kuma ta saɓa wa 13 ɗin da aka yi aiki da ita wajen rajistar jam'iyyu, to ko waliyyi ne kai ba mai yarda.

Kuma wannan ba sakaci ba ne irin na malalaci, tarbiyyar aikin ce ta jawo. Tsohon ma'aikacin gwamnati an hore shi a kan kada ya taɓo abinda bai iso teburinsa ba, kada ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, in abu na da ƙaiƙayi ya bar shi ko Allah zai sa ya wuce ba a zo kansa ba. A ma'aikatar ayyuka ko ta kuɗi wannan halin yana tsare mutum shekara talatin ba a ji kansa ba. Hukumar zaɓe kuwa wani wuri ne daban, tambayar da ka kauce mata a cikin sanyi ita za ta same ka ranar da mutum miliyan 16 da ɗoriya suka riga suka dangwala kowa yana jiran rediyo. Halin da ya sa aka zaɓo Ani, na bin rubutu sau da ƙafa, ya yi masa aiki a kan haraji da rajista saboda a can rubutun a cike yake, da aka zo inda rubutun ke da rami sai ya zama dole shi ya yanke, kuma bai tanadi komai ba don wannan ranar.

Soja da kansu sun gane akwai gyara, kafin su tafi suka cire tsarin 'yan majalisa su zaɓi shugaba suka mayar da zagaye na biyu hannun jama'a. Aka rantsar da Shagari 1 ga Oktoba, NPN ta ƙulla ƙawance da NPP don ta samu rinjaye a majalisa. A 1980 aka ba Mai shari'a Victor Ovie-Whiskey hukumar, shi ya yi zaɓen 1983 wanda in aka ajiye shi kusa da na 1979 sai ka ji kamar ka je ka ba su Ani haƙuri, Malam ma bai ga wannan zaɓen ba don ya rasu a Afrilun shekarar, kuma ranar 31 ga Disamba soja suka dawo. Ani ya rasu a 1985. Kurfi ya rubuta littafi a kan zaɓukan da ya gani, daga baya ya koma gida ya zama Maraɗin Katsina hakimin Kurfi.

Yanzu jihohi 36 ne, biyu bisa uku 24 cif ba gutsure, sai mutum ya ɗauka an rabu da wannan ciwon. Ina! Mu a Kano mun ga inkonkulusib a 2019, da aka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, mun san yadda layi ɗaya a takardar hukuma yake hana gari barci. A matakin ƙasa kuma sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya kwafo tsohuwar jimlar ya ƙara mata "da Abuja" a wutsiya, shekara 24 tana zaune ba wanda ya tsaya ya fayyace ko Abuja sharaɗi ce ta daban ko a cikin lissafin jihohi take, sai da aka zo 2023 wanda aka ce ya ci bai samu kashi 25 a Abuja ba sannan kowa ya zama lauya a Facebook. Kotun Ƙoli ta ce Abuja kamar kowace jiha take, amma sai ranar 26 ga Oktoba ta faɗa, kusan wata biyar bayan an rantsar da shugaban ƙasa. A 1979 aƙalla an gama shari'ar ana saura kwana biyar a yi rantsuwa.